Ina neman Hausar altarabayolet kafin shirin daren Alhamis

Rabi 'yar Nima: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Daren Alhamis an ba ni minti bakwai a shirinmu na kimiyya a rediyo, kuma kalma biyu sun tsaya mini a wuya. Labarin kan yadda masana ke leƙen taurari masu dishi-dishi ne a cikin abin da Bature ke kira gulobula kulasta, ta hanyar hasken altarabayolet. Taurari ne dubu ɗaruruwa, wani lokaci miliyoyi, suka cure wuri guda, tsofaffi ƙwarai, wasu sun haura shekara biliyan 12. A cikinsu akwai waɗanda makamashinsu ya ƙare, suka tsuke har suka koma kamar girman duniyarmu, amma da yawansu zafinsu ya fi na rana. A hasken da ido ke gani da ƙyar ake tsinkayarsu. In aka duba da wancan hasken kuwa, masu zafin ne ke fitowa sarari, manyan jajayen su dushe. Wannan juyin nake so tsohuwar da ke saurare a Maamobi ta kama. Ku taimaka.

Malam Aboabo: Wa alaikumus salam. Hasken bayan shunayya. Bakan gizo daga ja yake farawa ya ƙare a shunayya, wannan kuwa yana gaba da inda ido ya tsaya. Haka wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano shi a 1801: ya ga sinadarin azurfa ya fi saurin yin baƙi a gefen da babu launi, bayan shunayyar. Larabawa ma fauƙal banafsaji suka ce.

Ɗan Magazin: Anti Rabi, mu a Suame mun san hasken nan tun ba mu san sunansa ba. Makon da na fara koyon walda na raina gilashi, na ce leƙe ɗaya ne kawai. Da rana lafiya lau. Tsakar dare na farka idona kamar an zuba yashi, hawaye har asuba, ko fitila ba na iya kallo. Ki ce irin hasken da ke ƙona idon mai walda, duk Kumasi za a gane.

Alhaji na Tudu: Ko fitilar da muke haska sidi da dala a wurin canji. Zaren jikin takarda sai ya ɗau ƙyalli, jabu kuwa ta yi shiru.

Malam Aboabo: Misalan duka daidai ne Alhaji, sai dai kada a ce shuɗin da ake gani a fitilar shi ne hasken. Ragowa ce ta zubo cikin abin da ido ke kamawa. Ainihinsa ba a gani.

Baba Sabon Zango: Hasken bayan shunayya jimla ce, ba suna ba. Kafin yarinyar nan ta faɗe shi sau biyar minti bakwai ɗinta sun ƙare. Bahaushe da aikatau yake gina suna: hana-salla, cika-ciki, kare-dangi. Don haka ZARCE-SHUNI. Na daɗe da ƙirƙiro ta, ɗalibaina sun san ta. Hasken zarce-shuni, madubin zarce-shuni, a baki ma daɗi gare ta.

Bakanon Legon: Baba, da girmanka, shuni ai na marina ne, launin baba. Launin ƙarshe a bakan gizo shunayya ne. Shuni kafin shunayya yake, in ka zarce shi shunayyar ka faɗa, ba ka fita daga abin da ido ke gani ba.

Baba Sabon Zango: Shunayyar daga ina ta fito in ba daga shuni ba? Uwa na ɗauka, kai ka riƙe 'ya.

Bakanon Legon: Ni dai ina ganin irin wannan aiki a bar wa gida. A Kano akwai masana harshe da suka yi shekaru suna tsara kalmomin kimiyya. Nan inda ake cewa mata ya zo, ba nan za a yanke wa Hausa kalma ba.

Hajiya Asawase: Ɗana, janye wannan magana. Karatu ya kawo ka, mun karɓe ka, kada ka zage mu a ɗakinmu. Kakanninmu sun yi fataucin Gwanja, sun ɗauko goro a Salaga da Hausar nan a bakinsu tun Bature bai taka Kumasi ba. Alhaji Umaru na Kete Krachi a ƙasar nan ya yi rubutunsa da Hausa da Larabci, a nan ya rasu a 1934. Jikokina Twi suke ji a makaranta da kasuwa, su dawo gida su yi Hausa, ba wanda ya biya mu muka riƙe ta.

Bakanon Legon: Hajiya ki gafarce ni, bakina ya yi kaifi. Amma Alhaji Umarun ma a Kano aka haife shi.

Hajiya Asawase: Ya kuma zaɓi zama da mu. Na yafe.

Baba Sabon Zango: Da wani farfesa ne ya ce zarce-shuni da tuni an sa ta a ƙamus.

Rabi 'yar Nima: Iyayena don Allah, gobe Laraba. Kalma ta biyun fa, gulobula kulasta? Ko in ce Kaza da 'ya'yanta?

Malam Aboabo: A'a. Kaza warwatse take, taurarinta kuma yara ne, wajen shekara miliyan 100, ga ta kusa. Naki irin Omega Centauri ne: taurari kusan miliyan 10, nisan da haske zai yi shekara wajen 17,000 yana tafiya. Irinsu kimanin 150 aka sani kewaye da gungun taurarin da muke ciki. Gungu kuma kada ki taɓa ta, an riga an lafta mata kaya da yawa.

Hajiya Asawase: Curi. Kamar curin fura: zagaye, tsakiya a danƙare, gefe yana sakin gari. Na ga hoton da kika sa, haka yake.

Malam Aboabo: Curin taurari. Ban da abin ƙarawa. Ki kuma gaya musu daga bakin teku a Akara, wajen Afrilu da Mayu, in sama ta washe aka kauce wa fitilu, ana iya hango Omega Centauri can kudu kamar tauraro mai hazo.

Ɗan Magazin: To da babban farantin nan na binciken sama da ke Kuntunse, kusa da Akara, ake duba su?

Malam Aboabo: Wancan igiyoyin rediyo yake kamawa. Wannan hasken iskar ozon da sauran iskar sama ke shanye mafi yawansa kafin ya iso ƙasa, shi ya sa sai an harba madubin can sama, kamar Hubble a 1990, ko AstroSat na Indiya a 2015.

Rabi 'yar Nima: Ga yadda zan buɗe: "A cikin curin taurari akwai tsofaffin da ido ke rainawa. In aka duba su da hasken bayan shunayya, wato altarabayolet, irin wanda ke ƙona idon mai walda, sai a tarar suna cikin waɗanda suka fi zafi." Baba, zan ambaci zarce-shuni sau ɗaya in ce wani dattijo ne a Sabon Zango ya ba da ita, masu saurare su kira su zaɓa. Saura ƙananan taurarin kansu. Farin wada ake fassarawa, ni kuwa ba na son faɗin wada a iska, akwai masu saurarenmu da kalmar za ta sosa.

Alhaji na Tudu: Garwashin tauraro.

Bakanon Legon: Garwashi ja ne Alhaji, waɗannan farare ne tas.

Baba Sabon Zango: Sau ɗaya ya yi kaɗan, amma na amince. Ki ja wasalin shunin da kyau, kada ya fita kamar shunin Twi. Na ƙananan kuma ina da kalma, sai na dawo daga Isha'i.