Sunan Mai Laifi Da Ƙabilarsa A Labarai

Jiya a majalisarmu muka yi ta musu kan ko ya dace 'yan jarida su riƙa faɗin sunan mai laifi da ƙabilarsa, mafi yawa dai suka ce kar a fitar da suna sai kotu ta yanke hukunci, don wanda 'yan sanda suka yi holinsa gaban kyamara wanda ake zargi ne kawai, in aka wanke shi wa zai goge hotonsa daga Facebook? Batun ƙabila kuwa nan aka fi zafi. Wani dattijo yace tunda aka fara rubuta "makiyaya Fulani" a kowane labarin garkuwa, mai tallar nono ma kallon banza ake mata a tasha. Yara kuma kowa ya yarda a ɓoye sunansu.