Tambaya kan bushiyar teku mai launin shunayya: wai dabba ce wannan kuwa?

Ummi_Zuloji:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka karanta bayoloji ko zuloji a taimaka min. Lakcaranmu ya ba mu asainmen kan wata halittar teku wai ita Strongylocentrotus purpuratus, sunan ma kaɗai sai da na rubuta sau uku kafin na daina kuskure. Na duba hotonta a waya sai na ga wata aba kamar ƙwallo duk jikinta ƙaya, launinta shunayya, ba kai ba ido ba ƙafa, wlh da farko na ɗauka ɗan zaƙami ne aka rina. Ni kuma ko Legas ban taɓa zuwa ba balle in ga teku, ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin Tiga.

Abin da ya ɗaure min kai, ta ina take cin abinci, kuma tana tafiya ne ko a wuri ɗaya take maƙale? Sannan malamin ya ce wai ta fi ƙuda kusanci da ɗan Adam, duk ajin muka kwashe da dariya amma shi ko murmushi bai yi ba. Da gaske ne ko tsokanarmu yake? Kuma me ake ce mata da Hausa?

Malam_Mai_Alli:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Dabba ce ba tantama. Suna na Hausa na gado dai ba ta da shi tunda kakanninmu ba su zauna bakin teku ba, amma ni a aji bushiyar teku nake ce wa ɗalibaina, kuma sunan ya dace don kalmar Turancin ma, wato urchin, asalinta tsohon sunan bushiya ne. Danginta su ne tauraron teku da kokwambar teku, duk 'yan gida ɗaya ne masu ƙayar fata. Ita wannan mai shunayyar a gaɓar tekun Fasifik ta yammacin Amurka ta Arewa take, tun daga Baja Kalifoniya a Meziko har can Kanada, cikin duwatsun bakin ruwa inda igiya ke duka. Ba ta da girma sosai, faɗin ƙoƙonta da wuya ya wuce santimita 10.

Bakinta a ƙasa yake, ɓangaren da ke kife a kan dutse, dubura kuma a sama tsakar ka, ki ga ikon Allah. A bakin akwai haƙora biyar da suke haɗuwa a tsakiya kamar bakin matsefata, masana suna kiran wannan injin taunar fitilar Aristotle. Haƙoran ba sa daina tsiro kuma da kansu suke wasa kansu yayin da take kankare dutse, har rami take haƙawa a jikin dutsen ta zauna a ciki don kar igiya ta kwashe ta. Abincinta ciyawar teku ne, musamman doguwar nan da ake ce wa kelf.

Tafiya kuma tana yi, a hankali dai. In kin ƙura wa bidiyonta ido za ki ga wasu siraran abubuwa masu laushi suna leƙowa daga tsakanin ƙayoyin suna lilo, to su ne ƙafafunta, ɗaruruwa ne, kuma da ƙarfin ruwa suke aiki. Tana da bututun ruwa a cikin jiki, in ta tura ruwa cikin ƙafa sai ta miƙe ta kama dutse, in ta janye sai ta tsuke. Da su take numfashi ma. Ki tuna lamba biyar a asainmen ɗinki, haƙori biyar, layin ƙafafu biyar, jakar ƙwai biyar, komai nata biyar-biyar ne.

Ummi_Zuloji:

Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. To amma ai wannan bayanin naka ƙara nisanta ta da mutum ya yi 😂 ƙuda ko ba komai yana da kai da ido biyu.

AbuHanifa_Lab:

Hahaha 'yar uwa lakcaranku bai yi ƙarya ba, matsalar kina kallon babbar ne, su kuma masana ɗan tayin suke kallo. Lokacin da ƙwai ya fara rarrabuwa ya zama ɗan ƙulli akwai wata kafa da take fara buɗewa, a ƙwari da tsutsotsi da dodon koɗi galibi wannan kafar ita ce take zama baki, amma a bushiyar teku da duk masu ƙashin baya har da mu rukuninmu ɗaya, kafar farko dubura ce baki sai daga baya, a yi haƙuri da lafazin amma haka abin yake. Kuma jaririyarta tana yawo a ruwa tana da ɓangaren dama da na hagu kamar ni da ke, sai bayan wasu makonni ta sauka ƙasa ta rikiɗe ta koma mai kusurwa biyar ɗin da Malam ya faɗa.

A 2006 aka kammala karanta dukkan DNA ɗinta, ita ce ta farko a danginta da aka yi wa haka. Haruffan DNA ɗin nata wajen miliyan 814, namu kuwa sun kai biliyan 3, amma ƙwayoyin gadon da aka ƙirga mata kusan 23,300 ne wato ba ta yi nisa da adadin namu ba, kuma da yawansu muna da irinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki ni garkuwar jikinta, akwai wasu ƙwayoyin gado masu gane ƙwayar cuta in ta shigo jiki, ɗan Adam yana da guda 10, ita aka samu 222. Ga shi ba ta da ido ba ta da ƙwaƙwalwa sai zoben jijiya da ya kewaye baki, amma an gano tana da sinadaran gane haske a ƙafafun nan nata, kusan a ce da ƙafa take gani.

Dalilin da ya sa 'yan lab suke sonta kuma sauƙi ne kawai. Namiji daban mace daban, a ruwa suke zubar da ƙwai da maniyyi su haɗu a can, mace ɗaya tana sakin miliyoyi. A lab allurar gishirin fotashiyam ake mata sai ta saki, ki ɗiba ki sa a madubin ƙara girma ki ga komai da idonki tunda ƙwan garau yake. Da ƙwan bushiyar teku wani masani Oscar Hertwig ya fara nuna yadda maniyyi da ƙwai suke haɗewa wajen 1875, da irin ƙwan kuma wani masanin Tim Hunt ya gano furotin ɗin da ke juya rabuwar ƙwayar halitta a 1982 har ya samu kyautar Nobel a 2001. Sai dai ki kula kar ki rubuta kuskure, su biyun nan da wasu jinsunan suka yi aiki ba wannan mai shunayyar ba. Wanda ya shahara da ita kanta shi ne Eric Davidson na jami'ar Caltech.

Dan_Sakaramento:

Ku kuna ta yabonta mu nan Kalifoniya kuka ake da ita. Daga 2013 wata cuta ta faɗa wa taurarin teku, naman jikinsu ya riƙa zagwanyewa, ta kusa ƙarar da wani babba mai hannuwa har 24 wanda shi ne yake cinye bushiyoyin nan, sai a 2025 ma aka tabbatar wata bakteriya ce ke jawo cutar. Ana cikin haka ruwan tekun ya ɗau zafi daga 2014 zuwa 2016, kelf kuma ba ya son zafi. Bushiyoyin ba mai cinsu, ga yunwa, sai suka fito daga ramukansu suka bi dajin kelf suna gwaguye shi tun daga tushe. A arewacin jihar yawansu ya ninka wajen sau 60, fiye da kashi 90 cikin ɗari na kelf ɗin ya tafi, a 2018 dole aka rufe kamun wata babbar katantanwa da mutane ke nutso su ɗebo don ita ma yunwa ta kashe ta.

Kuma abin haushin ba sa mutuwa, abinci ya ƙare amma suna nan shimfiɗe a ƙasan teku kamar fari sun sauka a gona, suna iya shekaru a haka cikinsu fayau, kelf na tsirowa su cinye. Karen ruwa na teku yana cinsu sosai har haƙoransa da ƙashinsa suke rinewa su koma shunayya, amma shi ma ba wawa ba ne, a wajen gaɓar Monterey nan Kalifoniya an lura masu ƙiba yake zaɓa ya bar ramammun. Yanzu masu nutso ne suke shiga da guduma suna farfasa su ɗaya bayan ɗaya.

Sarkin_Ci:

Ni fa tambayata ɗaya ce jama'a, ana cinta? Kuma ta halatta? 😅

Dan_Sakaramento:

Ana ci mana, jakunkunan ƙwan nan biyar ne ake kwashewa, ruwan goro ne launinsu, Jafanawa suna ce musu uni kuma ɗanye ake ci da shinkafa, tsada kam ba a magana. Shi ya sa wasu suke kwaso ramammun su yi kiwonsu a tanki har su cika sannan su sayar. Na taɓa ɗanɗanawa sau ɗaya, gishiri-gishiri da santsi kamar man shanu, gaskiya ban ƙara ba.

Malam_Mai_Alli:

Sarkin_Ci a Malikiyya dai dabbobin teku halas ne, sauran bayani ka nemi malamin fiƙihu ni na alli ne. Ummi, in za ki zana hotonta a asainmen ɗin ki zana ta sama da ta ƙasa daban, ɗalibai da yawa suna sa bakin a sama maki ya tafi a banza.