Duƙushina bai taɓa ganin sirdi ba: in kai shi wurin mai horo ko in bi shi a ƙasa?

Ɗan Gabasawa: Assalamu alaikum masu doki. Shawara nake nema. Na sayo duƙushi a kasuwar Maigatari, launinsa bidi ne, dillali ya ce shekararsa biyu da rabi, kuma haƙoransa na gaba sun fara faɗuwa. Ragama kawai ya sani. Yana cin dusa a hannuna, amma da na kai hannu wajen kunnensa na hagu sai ya fizge kai ya ja da baya har turke ya girgiza. Burina in hau shi bayan hakiminmu da Babbar Sallah, saura wata huɗu. Wani mai horo a ƙauyen gaba da mu ya ce in ba shi sati uku da N40,000, zai dawo min da shi yana rawa. Wani dattijo maƙwabcina kuma da ya yi zaman barga ya ce kada kowa ya hau shi bana, a yi ta aikinsa a ƙasa. Wanne zan bi? Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa nake son ji.

Na Wudil: Wa alaikumus salam. Nawa ka saye shi? Da ka zo mana kasuwar Wudil ranar Juma'a da ka samu horarre ka huta.

Sarkin Zolaya: Sayar da shi ka sayi babur. Ba ya shuri, ba ya cizo, kunnensa kuma ko murɗewa ka yi ƙara gudu zai yi.

Mai Akawali: Ka riƙa jiƙa masa kanwa a ruwa. Ni duk dokin da na riƙe da kanwa na riƙe shi.

Abban Yara Ringim: Ƙanena, ka ji tsoron Allah kada ka kai shi. Ni na kai nawa, kuma har gobe ina ganin sakamakon yana ɗingishi a tsakar gidana.

Dokina launinsa kili ne, tun yana bin uwarsa na san shi, yarana har ƙarƙashin cikinsa suke wucewa. Na kai shi wurin irin wannan mai sati ukun. Ranar da na je dubiya na tarar an ɗaure kansa sama a reshen darbejiya, tun safe ba ruwa, wai don ya sauke girman kai. An sa masa linzami mai zobe, irin wanda ke danne harshe ya matse haɓa, kumfar bakinsa ja. Na yi magana, mutumin ya ce, "Alhaji, in tausayi za ka ji, ka je ka yi kiwon tumaki." Na ji kunyar mutanen da ke wurin na yi shiru.

Ya dawo yana rawa kuwa, ba ƙarya. Ka taɓa linzami ya ɗaga ƙafafun gaba, ka ja ya yi zamiya. Amma dokin da ke haniniya in ya ji muryata ya koma juya min baya in na shiga barga. Ranar hawa babban ɗana ya hau shi. Muna isa fili 'yan bindiga suka saki harbi, doki ya zabura. Yaro ya ja linzami, bakin ya riga ya mutu, bai ji komai ba. Ya kutsa cikin masu kallo, ya yi tutsu, ƙafar yaron ta maƙale a likkafa ya ja shi a ƙasa. Karaya biyu a cinya. Mun yi ɗori, bai kama daidai ba, sai da muka dangana da asibiti a Kano. Dokin na sayar da shi ƙasa da rabin kuɗinsa, don duk wanda ya buɗe bakin ya ga tabon harshen sai ya ja da baya. Mai horon ko sannu bai zo ya yi min ba. Da aka gaya masa, cewa ya yi wai yaron ne bai iya hawa ba.

Hajiya Uwar Gida: Innalillahi. Allah Ya ba yaro lafiya, Alhaji. Mu da ake bari da jinya mu muka san zafin hawan nan.

Na Wudil: Allah Ya kiyaye gaba. Nawa ka ba mai horon?

Abban Yara Ringim: N25,000 da buhun dusa.

Mai Akawali: To ai shi ya sa. Horon kirki a wajenmu ba ya kasa N80,000.

Ɗan Kazaure: Wane irin 80? Ni N15,000 na bayar bara, ga doki nan lafiya lau, har yara na kilisa da shi.

Mai Horo Gaya: Ku yi mana adalci. Sana'ata ke nan, ita na gada. Don wani ya ɓata doki ba za a yi mana kuɗin goro ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dawakan da kuke kallo a Hawan Daushe kuna tafi, da shafa wuya aka hore su? Ingarma in bai san akwai na gaba da shi ba, wata rana kai zai taka. Kuma ku masu dawakin ne ke zuwa saura kwana ashirin Sallah ku ce a yi muku abin al'ajabi.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Malam, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma a duba abin da mai tambaya ya faɗa. Faɗuwar haƙoran gaba ta nuna dillalin bai yi ƙarya ba, a shekara biyu da rabi suke canzawa, na gefensu a uku da rabi, na ƙarshe a huɗu da rabi. Wato yanzu bakinsa a cikin canji yake, shi ne mafi munin lokacin sa masa ƙarfe mai nauyi. Ƙashin bayansa kuma ba ya gama ƙwari sai ya haura shekara biyar. Ka haɗa sirdinmu na gargajiya da kayan ado da babban mutum, ka tsayar da shi a rana tun hantsi.

Mai Horo Gaya: Yaro, doki nawa ka taɓa hawa? Ko a takarda ka gan su?

Sarkin Zolaya: Ya hau na lilo a wurin wasan Sallah, shi ma sai da aka riƙe shi.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Ban kai ka hawa ba, Baba. Amma na buɗe bakin dawaki da yawa bayan kun gama da su.

Jikan Ɗan Barga Hadeja: Kakana ne ke faɗa ina rubutawa, shi ba ya taɓa waya. A barga ya tsufa.

Ya ce kafin komai a leƙa cikin kunnen nan, ko kaska ce. In ba ita ba ce, to murɗe masa shi aka yi lokacin da za a tura shi mota a kasuwa, kuma doki ba ya manta hannun da ya cuce shi. Ya ce kada ka tunkare shi ta goshi ko ta gindi, nan ne ba ya gani sosai. Ka tsaya daidai kafaɗarsa kana yi masa magana, ka sosa wuya, ka matsa sama kaɗan, ka janye hannunka tun kafin ya fizge. Gobe ka ƙara yatsa biyu. Ranar da ya sauke kai yana lasar baki, ka ƙyale shi haka, aikin ranar ya ƙare.

Jan ragama kuma, ka ja a hankali ka riƙe. Da ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gare ka, saki nan take. Ya ce sakin ne ke koya masa, mai ja bai saki ba gardama yake koyarwa. Ya bi ka in ka tafi, ya tsaya in ka tsaya, ya ja baya, ya ba ka kofato huɗu ka ɗaga. Sannan buhu mara komai a bayansa, sannan jalala, wato shimfiɗar sirdi, sannan sirdi ba a matse majayin da ke ɗaure shi a cikin doki ba. Kowane sai ya daina kula shi za a wuce gaba.

Da na karanta masa labarin Alhaji na Ringim, ya ce abin da aka tsallake shi ne ƙara. A barga ana fita da duƙushi a gefen tsohon doki mai sanyi, ya ji tambari da algaita da bindiga daga nesa, ana matso da shi sannu a hankali. Ya ce bana ka ja shi da hannu zuwa bakin fili ya yi kallo, kai kuma ka ari doki ka hau.

Mai Horo Gaya: Ka gaishe da Baba, na san irinsu. Amma a barga akwai mai yanka ciyawa, akwai mai kwana da doki. Wannan bawan Allah manomi ne, ga damina na tafe. Yaushe zai samu lokacin yatsa biyu kullum?

Ɗan Gabasawa: Na duba kunnen, ba kaska. Ina da kamar rabin awa bayan la'asar. Zai isa? Kuma aron doki nawa yake yanzu?

Ɗan Kazaure: Da Sallah N30,000 a wuni, ban da kaya.

Na Wudil: A ina? Ko N70,000 ka riƙe sai ka yi kamun ƙafa.

Mai Akawali: Ni dai na daina ba da haya, ko nawa ne. Samarin hawan angwanci sun karɓi nawa da azahar, ba su dawo da shi ba sai bayan isha. A kan kwalta suka yi ta sukuwa, uku-uku suna karɓa-karɓa. Ya dawo cikinsa duk huda da kaimi, bayansa ya saluɓe, kuma yana huci suka ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi. Doki ba ya amai, kwana muka yi a tsaye muna zagayawa da shi saboda ciwon ciki.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: A 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallah na Kano cikin al'adun duniya da ake taƙama da su, amma ba mai ɗaga jalala ya ga bayan dokin haya.

Hajiya Uwar Gida: Ku bar ta dawaki ma. Ɗan maƙwabciyata suka banke a lungu yana dawowa daga Islamiyya, ko tsayawa ba su yi ba.

Ɗan Kazaure: To laifin wa? Mai doki ya karɓi kuɗi ya miƙa wa yaron da bai san sunan ubansa ba.

Mai Akawali: Ka san nawa damin harawa yake kuwa kafin ka ce laifinmu? In ba haya, da me za mu ciyar da su daga Sallah zuwa Sallah?

Na Wudil: Harawar wake ko ta gyaɗa? Don wajenmu ba kuɗinsu ɗaya ba.