Hanyar NF-κB ta ƙi zama a kaina, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura kwana 9 mu yi jarrabawar ilimin garkuwar jiki, amma babin yadda saƙo ke bi cikin tantani har ya tayar da ƙwayoyin gadon kumburi ya gagare ni. Sau biyar ina zana shi a takarda, kibiya nan kibiya can, TLR4, MyD88, IKK, da na rufe littafi sai komai ya watse. Abin da ya fi ɗaure mini kai: me ya sa sai an lalata furotin ɗin IκB kafin NF-κB, furotin ɗin da ke kunna waɗannan ƙwayoyin gadon, ya yi aiki?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tambayar da kika yi ita ce mabuɗin babin. Ki daina haddar sunaye, ki bi labarin. A cikin makrofej, wato tantanin garkuwar jiki mai haɗiye ƙwayoyin cuta, NF-κB yana nan a shirye tun kafin cuta ta zo, sai dai IκB ya yi masa dabaibayi, ya hana shi shiga cibiyar tantani inda DNA yake. Da TLR4, mai karɓar saƙo a fatar tantani, ya ji LPS, wato sinadarin da ke bangon wasu bakteriya, sai ya miƙa saƙo ta hannun furotin ɗin MyD88 har ya isa ga wani furotin, IKK. Shi kuma IKK ya liƙa wa IκB fosfet, daga nan a sa wa IκB alamar yubikwitin, wato alamar a lalata shi, sai furotiyasom, injin niƙe furotin na tantani, ya niƙe shi. Dabaibayi ya tsinke, NF-κB ya shige cibiya ya kunna ƙwayoyin gadon TNF, IL-1β, IL-6 da COX-2, masu haddasa kumburi.

Hikimar abin sauri ce. Kwance wanda ke ɗaure ya fi sauƙi a kan ƙera sabo, shi ya sa cikin mintuna aikin ke kankama. Ni kam har yau wannan tsarin yana burge ni. Tun 1986 Ranjan Sen da David Baltimore suka gano NF-κB.

Amsa ta biyu:
Kada ki manta da wurin da ɗalibai ke yawan zubar da maki. Cikin ƙwayoyin gadon da NF-κB ke kunnawa har da na IκBα, wato wani nau'in IκB, da na A20, wani furotin mai katse saƙon. Ma'ana da hannunsa yake saƙa igiyar da za a sake ɗaure shi da ita: sabon IκBα ya bi shi cibiya ya fito da shi waje. Idan wannan birkin ya gaza, kumburi ba ya lafawa.

Amsa ta uku:
'Yar'uwa, ki ware JAK-STAT, wata hanyar saƙon, a shafi daban, ta fi gajarta. IL-6 ya hau kan mai karɓarsa, JAK ya sa wa STAT3 fosfet, STAT3 biyu su haɗu su shiga cibiya, furotin ɗin SOCS3 ya taka birki. Ki haɗa kowace hanya da maganinta: tofacitinib na toshe JAK a ciwon sanyin gaɓoɓi na rumatoyid, dexamethasone kuwa yana danne aikin NF-κB.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na zana hanyar NF-κB ba tare da na leƙa littafi ba. Amma Yaya, na ga IL-10, wani sinadarin saƙo irin IL-6, shi ma da STAT3 yake aiki, alhali shi kwantar da kumburi yake yi. Ta yaya?

Mai amsa ta uku:
Kin lura da kyau. SOCS3 yana kama mai karɓar IL-6 ya katse saƙon da wuri, amma ba ya kama na IL-10, don haka STAT3 ɗin IL-10 ya fi daɗewa yana aiki. Ki rubuta wannan a gefen zanenki.