Kitse a hanta: maganin gargajiyar Indiya yana da amfani kuwa?

Maman Ilham, Gwale:
Assalamu alaikum. An yi wa yayana hoton ciki, aka ce akwai kitse a hantarsa. Shekararsa 46, nauyinsa kilo 92, ba ya shan giya. Wani maƙwabcinsu a kasuwa ya ba shi shawarar ya bi tsarin Ayurbeda na Indiya, har ya nuna masa kwalaben da ake odarsu ta intanet. Don Allah masu sani, me ya kamata ya ɗauka a ciki, me zai bari?

Dakta Sule:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a je ga magani, a fara sanin inda hantar ta tsaya. Hoton ciki kitsen kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko hantar ta fara tabo, alhali tabon ne abin tsoro. Ya yi gwajin jini: ALT da AST (sinadaran hanta da ke hauhawa a jini in ta ji rauni), ƙirgen ƙwayoyin daskarar da jini, sukari da kitsen jini. Da shekarunsa da waɗannan ukun na farko likita zai lissafa FIB-4, wato makin da ke nuna yiwuwar tabo a hanta. In ya fito ƙasa da 1.3, hankali ya ɗan kwanta. In ya kai haka ko ya wuce, a tura shi wajen likitan hanta, a Asibitin Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti, a auna taurin hantar.

Kada kuma a tsallake gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Nau'in B ya yawaita a ƙasar nan, kuma mutum kan ɗauke shi shekara da shekaru bai sani ba. A ɗora wa kitse laifi alhali ƙwayar cuta ce ke cin hantar, wannan kuskure ne mai tsada.

Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne rage nauyi. Kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburin hantar, har tabon kan ja baya. Ga mai kilo 92, ana maganar kilo 6 da rabi zuwa 9 ke nan, a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wanda ya hana kansa abinci don ya rame cikin wata guda yana iya jawo wa kansa tsakuwa a matsarmama.

Malam Nura, Kurmi:
Dakta ya gama da ɓangaren asibiti. Ni zan taɓa na abinci, don nan ne Ayurbeda ta yi daidai, kuma ba sai an yo odar komai daga Indiya ba. Su a wajensu wannan ciwo na "kafa" ne, wato ɗabi'ar nauyi da maiƙo a jiki, da raunin "agni", wato wutar narkar da abinci. Ko mutum bai yarda da wannan bayani ba, umarnin da ya biyo baya mai kyau ne: a rage zaƙi da maiƙo, a ƙara ɗaci da ganye, babban abinci ya zama na rana, na dare kaɗan kuma da wuri.

Hajiya, ga yadda za a mayar da shi tukunyar Kano. Inda suka ce sha'ir, gero da dawa da acha sun wadatar, muddin ba a surfe su fes an zubar da dusar ba. Inda suka ce koren wakensu, namu waken ya isa, dafaffe ko alala, ba ƙosai kullum ba. Ɗaci kuwa ga shuwaka, ga gauta, ga garafuni, a miya ko a kwaɗo. Abin da suke kira "takra" nono ne da aka kaɗe aka cire mai, tsala ke nan. Matsalar ita ce mu sai mun zuba masa sukari cokali uku da fura ƙwallo biyu, shi ke nan an rushe aikin.

A faranti: rabi zogale, rama, kabeji ko miyar ganye; kwata wake, kifi, ƙwai ko kaza; kwata tuwo ko shinkafa. Malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannunsa, ba ta mai sayar da abinci a bakin kasuwa ba.

Babban ɓarawon yana cikin abin sha. Robar lemo ta 50cl tana ɗauke da sukari wajen giram 50, fiye da ƙaramin cokali goma, kuma rabin irin wannan sukarin hanta ce ke sarrafa shi, tana mayar da wani ɓangarensa kitse. Zoɓon roba, kunun aya mai zaƙi, shayin mai shayi da madarar gwangwani, duk tafiyarsu ɗaya. Zuma ma sukari ce, kada a ce ai magani ce a riƙa kwararawa. Gahawa ba sukari, kofi biyu a rana, tana cikin 'yan abubuwan da bincike ya alaƙanta da raguwar tabon hanta. Sannan a guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, gubar da ke cikinsu tana jawo sankarar hanta.

Anti Bilki, mai haɗa magunguna:
Maman Ilham, kwalaben nan su ne inda zan ja kunne. Kalmar "na ganye ne" ba ta wanke magani. Tsiron guduci, wanda suke kira giloy, an sha shi sosai a Indiya lokacin korona, likitocin can suka riƙa samun mutane da kumburin hanta sanadinsa. Saiwar ashwaganda ma an kama ta da irin wannan laifi. Kurkur a miya ba komai, amma kafsonsa mai ƙarfi da aka haɗa da baƙin masoro don ya fi shiga jini ya kwantar da mutane da shawara. A wani binciken da aka wallafa a 2004, an gwada magungunan Ayurbeda 70 da ake sayarwa a birnin Boston na Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko arsanik a cikin 14. Wasu ma da gangan ake sa ƙarafan, su ne masu "bhasma" ko "rasa" a sunansu. Na ruwa masu ƙarewa da "arishta" ko "asava" kuwa tsimi ne, akwai barasa a ciki. Ga addini, ga hantar da dama ba ta so.

Tirifala (haɗin 'ya'yan itatuwa uku) da saiwar kutki da ake yawan ambata, gwajin da aka yi musu a kan mutane ƙanana ne, bai kai a ce magani ne ba. In ya nace sai ya gwada wani abu: guda ɗaya tak, mai lambar NAFDAC da sunayen abin da ke ciki a rubuce, likitansa ya gani, a auna ALT kafin ya fara, a sake bayan mako huɗu zuwa shida. Lambar NAFDAC ɗin ma ba shaidar warkarwa ba ce. Ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi, ko ƙaiƙayi ya tashi, ya ajiye a ranar ya tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kuma kada ya daina maganin sukari, hawan jini ko kitsen jini saboda ya fara wannan.

Malam Nura, Kurmi:
Na manta motsa jiki, ga shi ɗan kasuwa wuni yake a zaune. Minti 150 a mako: tafiya da sauri minti 30, kwana biyar, bayan asuba kafin rana ta buɗe, irin saurin da zai iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Ko sikeli bai motsa ba, kitsen hanta na raguwa. Ayurbeda ta hana barcin rana sai a lokacin zafi, to ƙailular bazara ba laifi, amma ba cika ciki da shinkafa a miƙe nan take ba. Azumin Litinin da Alhamis zai taimaka in ba a rama da soye-soye a buɗa-baki ba. Hajiya, a nemo tef ɗin tela a riƙa auna cikinsa daidai cibiya duk ranar Juma'a da safe, a rubuta. Ga namiji ana son ya sauko ƙasa da santimita 94.