Neman kalma: me za mu kira "Keeper" na sashen ƙwari?

Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara rubutun wani shirin rediyo kan gidan adana tarihin halittu na Landan, ranar Alhamis za a ɗauka. Kalmar Keeper ta tsaya min a wuya. Kafin 1913 ƙwari suna ƙarƙashin sashen dabbobi ne, a shekarar aka ware musu sashe nasu, Charles Gahan ya zama Keeper na farko. Ga kuma Curator a cikin rubutun. In na ce "mai kula" duka biyun, mai sauraro ba zai san wane ne babba ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ki sa "Shugaban Sashen Ƙwari", ki ƙara gaba. Kada dai ki ce "mai tsaro", za a ɗauka maigadi ne. Kuma ki tabbata mai karantawa ya furta ƙ ɗin, in ba haka ba ya zama shugaban kwari, wato gangare.

Malam Bala: Shugaban sashe kowace ma'aikata tana da shi. Wannan amana aka danƙa masa, tarin ƙwarin da yanzu ya haura miliyan 30. Kalmarmu "Ma'aji" ce, daga ajiya, kuma sarauta ce da muka gada. Ma'ajin Ƙwari.

Dakta Rabi: Malam Bala yana da hujja ta wani ɓangare. Aikin kashi biyu ne. Curator shi ke taɓa kayan da hannunsa: ya soke ƙwaron da fil, ya maƙala 'yar takarda mai ɗauke da wuri da rana da sunan wanda ya kamo, ya jera a durowa mai murfin gilashi. In takardar ta ɓata, ƙwaron ya tashi daga shaida ya koma ado. Tsofaffin fil na tagulla suna fitar da koriyar tsatsa da ke tsaga jikin ƙwaron, shi ya sa aka koma ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro da tsutsarsa ke cinye busassun ƙwarin daga ciki. Alamarsa gari-gari a ƙarƙashin fil. In an gani, sai a ƙulle durowar a leda a sa ta firiza mai tsananin sanyi na kwanaki, a fito da ita ta huce kafin a kwance, don kada raɓa ta jiƙa kayan. Shi kuwa Keeper, shi ke jan ragamar ma'aikata da kasafi, da abin da za a karɓa, da ba da aro, musamman ƙwaro na asali wanda da shi aka raɗa wa jinsi suna, wanda ba shi da madadi.

Malam Sani: To ai shugabanci kenan. Kuma a rediyo "ma'aji" mai riƙe kuɗin ƙungiya ne. Kowa zai zaci asusu ake nufi.

Malam Bala: Laifin wa? Mu muka bar kalmar ta ƙanƙance. Mun karɓi darakta da manaja ba gardama, amma in aka kawo tamu sai a ce ba za a gane ba. Mai sauraro ba yaro ba ne.

Isufu: Ranku ya daɗe, mu a Nijar Faransanci ke kawo mana wani ruɗanin, kalma ɗaya ce ta haɗa mai riƙe kayan da babbansu. Ni "Ma'adani" nake so, daga adana.

Malam Bala: Ma'adani ai wurin ajiya ne, ko kuma a ji kamar ma'adinai. Ba mutum ba.

Isufu: Ma'aji ma a wasu bakunan wuri ne, Malam. Kada a mai da Hausar gari ɗaya ita kaɗai ce Hausa.

Dakta Rabi: Mu koma kan jerin mutanen, shi zai raba gardamar. Gahan ya riƙe har 1927, masanin ƙwarin da ke huda itace ne. Ernest Austen ya gaje shi har 1932. Shi ne ya fitar da babban littafi kan tsando a 1903, ƙudan da ke kawo sammore da ciwon barci, wannan Hadiza ki jaddada shi don makiyaya za su kasa kunne. Norman Riley, masanin malam-buɗe-littafi, ya yi daga 1932 zuwa 1955, sai William China. Kowannensu gwani ne a dangi ɗaya, amma kujerar ta ɗora shi kan duka. A da ma, Albert Günther da ya riƙe sashen dabbobi daga 1875 zuwa 1895 masanin kifi da dangin macizai ne, ƙwari kuwa suna hannunsa. Kujerar ta shugabanci ce, sunanta kuma na ajiya.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: karon farko "Shugaban Sashen Ƙwari, wato ma'ajin tarin ƙwarin gidan", daga nan "shugaban sashen". Curator kuma "jami'in adana ƙwari".

Malam Bala: An mai da Ma'aji ɗan rakiya. Don rediyo na haƙura, amma a rubuce ban yarda ba.

Isufu: "Jami'in adana" ya yi tsawo. Maganar Curator ba ta ƙare ba.