Tambaya: ta yaya za a sabunta tsohuwar tatsuniya don matasa, ta fita tsaf ba batsa, kuma kada ta yi lami?

Uwar Biyu, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ƙannena da ke wannan zaure. Ina da 'ya mai shekara 14 wadda ke shirin jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, a bana, kuma Allah ya ɗora mata son karatun labari, tana karanta na Faransanci da take arowa a makaranta, tana kuma karanta na Hausa da ƙawayenta ke turo mata a wayata ta WhatsApp. A watan jiya na buɗe ɗaya daga cikin na Hausan na karanta babi uku, abin da na gani ya hana ni barci, domin an zayyana sirrin ɗakin aure filla-filla ba tare da ko sakayawa ba. Na hana ta, amma na san cewa yaron da aka ƙwace wa abin da ke hannunsa ba a ba shi wani ba, zai je ya nema a inda ba a gani.

A cikin littattafan da take arowa na ga wani salo da ya burge ni. Marubuci yakan ɗauki tsohuwar tatsuniyar Turawa, kamar ta Sandriyon mai takalmin gilashi, ya dawo da ita makarantar sakandare ta wannan zamani, da waya da jarrabawa da ƙawaye, kuma uwa za ta iya karantawa tare da 'yarta ba ta sunkuyar da kai ba. Sai na ce me zai hana a yi wa tamu haka? Na fara rubuta tatsuniyar Ruwan Bagaja, ta 'yar mowa da 'yar bora, na ajiye gidan nasu a unguwar Rumde Ajiya ta nan Garwa, na mai da 'yar bora ɗalibar lise, wato sakandare, mai tallan ƙosai kafin ta tafi aji. Na kai shafi goma sha biyu na ba 'yar tawa, ta karanta ta ce mini cikin ladabi, "Mama, wannan wa'azi ne." Tambayata biyu ce. Me ake cirewa kuma me ake bari idan ana son labari mai tsabta? Kuma shin ya fi kyau in tsaya a kan tamu, ko in ɗauki ta Turawa wadda yaran suka riga suka sani daga makaranta?

Malamin Lise, Marwa

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. Ni ina koyar da Faransanci, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, aikin da kike yi ya girmi ni da ke nesa ba kusa ba, domin tun ranar da aka fara ɗaukar tatsuniya daga baki zuwa takarda ake yi mata kwaskwarima saboda masu karatu.

Charles Perrault ya buga tarin nasa a Faransa a 1697, kuma a can ne aka sami Sandriyon da takalminta na gilashi. A tasa ruwayar ta yarinya mai jar hula, kerkeci ya cinye kakar ya cinye jikar, labari ya ƙare a nan, babu maharbin da ya zo ceto. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da kundinsu na farko a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857. Da suka ga yara ne ke karantawa, sai suka share maganar cikin da yarinya mai dogon gashi ta ɗauka a cikin hasumiya, kuma a labarin yarinyar da aka ba tuffa mai guba suka mai da muguwar uwa ta koma matar uba, don ba su so a ce mahaifiya ce ta nemi ran 'yarta. Amma ki lura da abin da suka bari. A tasu Sandriyon ɗin, ɗaya daga cikin 'ya'yan matar uba ta yanke babban yatsan ƙafarta, ɗayar ta yanke diddige, don takalmi ya shiga. Wato sun cire abin kunya, sun bar abin tsoro.

Ba ina cewa ki zuba jini a littafinki ba ne. Abin da nake nufi shi ne batsa daban, tsananin rayuwa daban, kuma mafi yawan masu son rubuta labari mai tsabta sukan haɗa su biyun su zubar tare. Idan 'yar borarki ba ta ji yunwa ba, ba a zalunce ta a gaban ubanta yana kallo ya yi shiru ba, ba ta taɓa jin zuciyarta ta raya mata ta rama ba, to haƙurinta bai da nauyi, kuma ina zaton abin da 'yarki ta ji ke nan ta kira shi wa'azi.

A kan tambayarki ta biyu, aro ba laifi ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, aka fara buga shi a 1937, kuma manazarta sun nuna cewa da yawa daga labaran da akun nan yake ba ɗan sarki an ɗauko su ne daga Grimm da Alfu Laila da wasu littattafan Gabas, amma ya sa musu rawani da babbar riga har mai karatu ba ya jin baƙunta. Duk da haka ni dai shawarata ki tsaya a kan Ruwan Bagaja. Sandriyon tana da dubban masu yi mata hidima a duniya, 'yar bora kuwa ɗalibaina da yawa a nan Marwa ba su taɓa jin sunanta ba.

Baba Alhaji, Njamena

Salamu alaikum. 'Yata, jikana ne ya karanta mini tambayarki, shi ne kuma yake rubuta amsata. Na yarda da Malam, sai dai ina da ƙari biyu.

Na farko, mu da muka taso ana yi mana tatsuniya da dare a tsakar gida, ba a yi da rana, abin da ya zauna mana a ka har tsufa shi ne waƙoƙin da ke ciki da kuma abubuwan mamaki. A Ruwan Bagaja yarinya takan tarar da cinya da kare a bukka, cinya ta yi magana, kare ya fassara, ita kuma ta gaishe su da ladabi ta ci abin da aka ba ta ba ta yi musu dariya ba. Nan ne zuciyar labarin take, domin ana gwada yadda mutum yake ɗaukar wanda bai yi kama da shi ba, a wurin da babu mai ganinsa. Idan kika mai da komai ya zama na zamani kika rasa wannan gwaji, kin riƙe kwasfa kin zubar da gyaɗa. Ki nemo mata wanda kowa ke rainawa a hanyarta, ko tsohuwar da ke zaune a bakin gadar Binuwai ce ba ta jin Hausa, sai wani yaro ya fassara. Mu a nan Cadi muna da Joseph Brahim Seid, wanda ya rubuta tatsuniyoyin ƙasar nan da Faransanci a 1962, kuma har yau ana karanta su, saboda bai kore musu mamakinsu ba.

Na biyu kuwa shi ne ya fi damuna. A tatsuniya mowa muguwa ce daga farko har ƙarshe, kuma da can yaro yakan ji ya yi barci ya manta. Littafi kuwa yana zama a hannu. Yaran da za su karanta naki da yawansu a gidan mata biyu ko uku suke, suna cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan ubansu. Ina roƙonki kada ki rubuta abin da zai sa yarinya ta rufe littafi ta dubi abokiyar zaman uwarta da wani ido. Ki ba mowa dalili, ko tsoron talauci ne, ko haihuwar da ta yi ta rasawa, ki kuma bar wata ƙofa tsakanin yaran biyu, domin jininsu ɗaya.

Ɗalibar Jami'a, Ngaundare

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba, ina gaida Malam. Yaya, ki yi mini afuwa in faɗi nawa, domin shekara shida kawai na ba 'yarki, kuma irin waɗancan labaran na waya na karanta su ba adadi kafin in gane illarsu.

Abin da ke riƙe mu a cikinsu ba batsar ba ce da farko. Kowane babi yana ƙarewa ne a inda dole ki nemi na gaba, kuma jarumar tana magana kamar mu, tana kishi, tana kuskure, tana jin haushin iyayenta wani lokaci. Saboda haka ina ganin kada ki cire soyayya gaba ɗaya, domin yarinya mai shekara 14 ta san akwai ta, kuma idan littafinki ya yi kamar babu, za ta ɗauka ba ki san duniyarta ba. Kunya ma tana da nata daɗi a labari. Yaron da ya ara mata littafin lissafi ya bar alƙalami a ciki da gangan, ita kuma ta yi kwana uku tana shawarar yadda za ta mayar, wannan ya isa ya riƙe mai karatu babi biyu ba wanda ya taɓa hannun wani.

Akwai wurare biyu a tatsuniyar da nake ganin sai an sake su. Ladan 'yar bora yakan fito ne daga ƙwan da ta fasa, dukiya da dawaki da bayi su bayyana, ita ba ta yi komai ba sai biyayya. Ina so taki ta yi wani abu da hannunta da kanta, ko da taimakon tsohuwar da Baba ya ambata ne, kuma kada ƙarshen ya zama an ɗaura mata aure da mai kuɗi tana aji uku, domin mu nan Arewa mun ga ƙawayenmu da aka cire daga makaranta ta wannan hanya. Sannan hukuncin 'yar mowa shi ne ƙwanta ya fashe da kutare da makafi su raka ta gida. A ajinmu akwai makaho da ya fi mu duka ƙoƙari, kuma ba zan so ƙanwarsa ta karanta cewa irinsa azaba ne da ake aiko wa marar kunya ba.

Sai maganar rubutu. Yawancinmu ba a koya mana rubutun Hausa a makaranta ba, muna rubuta ta ne da ƙa'idar Faransanci, shi ya sa dogon sakin layi yake gajiyar da mu. Ki yi babi gajeru, ki bar mutanenki su yi Hausar Garwa da ɗan Fulatancin da ke shiga bakinmu a kasuwa, kuma idan da hali ki karanta kowane babi da muryarki ki tura tare da rubutun.

Uwar Biyu, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na koma shafukan nan goma sha biyu na ga gaskiyarka, domin ko sau ɗaya 'yar borata ba ta yi fushi ba. Ƙanwata, na cire auren, kuma abin da zai fito daga ƙwan 'yar mowa yanzu shi ne maganganun da ta yi ta yaɗawa a kan 'yar'uwarta a waya, su dawo mata a gaban aji. Maganar alƙalamin ma na ɗauka, in kin yarda.

Baba, maganarka a kan mowa ita ce ta fi yi mini nauyi, domin ni kaina a hannun abokiyar zaman mahaifiyata na tashi, kuma ita ta sayar da akuyarta ta biya mini kuɗin jarrabawa, amma da na zo rubutu sai na bi tatsuniya na manta da ita. Zan sake gina matar daga tushe. Ina da roƙo ɗaya gare ka. Waƙar da yarinyar take yi wa kowane kogi tana tambaya ko shi ne Bagaja ta kuɓuce mini, baiti ɗaya kawai nake tunawa. Idan jikanka zai ɗauki muryarka kana rera ta yadda aka yi maka, ina so in sa ta a babi na huɗu, inda yarinyar take tsaye a bakin Binuwai da asuba.